Gargada ko Sumul: Takaddamar Masu Sha'awar Rola Kosta Kan Jirgin da Ya Fi Daɗin Hawa

A watan Satumban 2016, dandalin wasanni na Cedar Point da ke jihar Ohio a Amurka ya rufe Mean Streak, wani rola kosta na katako, wato jirgin wasa mai bin layin dogo, mai tsayin mita 49 da ya shekara 25 yana aiki. Waɗanda suka yi kewarsa ba su da yawa, domin an daɗe ana kukan cewa yana jijjiga mutum har ya sauko da ciwon baya. A 2018 aka buɗe Steel Vengeance a kan ginshiƙansa, da sabon layin dogo na ƙarfe, nan take kuma ya shiga sahun jiragen da aka fi yabo a duniya.

A tsakanin waɗannan shekaru biyu, dandalin Blackpool Pleasure Beach a Ingila ya kwance Wild Mouse, ƙaramin jirgin katako da aka gina a 1958. Shi ma ya yi ƙaurin suna wajen wurgi da mutane gefe da gefe, har wasu kan sauko da ƙujewa a gwiwa. Amma a wannan karon ma'abota harkar sun fusata, suka ɗauki abin a matsayin babbar asara.

Wanda ke kallo daga waje dole ya ruɗe. Jirage biyu, dukkansu na katako, dukkansu masu wahalar da jiki, an yi murna da tafiyar ɗaya an yi makokin ɗayan. Kuma kusan mutane iri ɗaya ne suka yi murnar suka yi makokin.

## Abubuwa uku da ake cakuɗawa

Rola kosta jirgi ne na wasa mai 'yan taragu, wanda ake ja zuwa ƙololuwar tudu da sarƙa, ko a harba shi da inji, sannan a sake shi ya bi layinsa yana hawa da gangara da lanƙwasa. Galibi ba shi da injin kansa. Abin da fasinja ke saya da kuɗinsa shi ne abin da jikinsa zai ji, kuma idan aka ce jirgi yana da gargada, ana iya nufin ɗaya daga cikin abubuwa uku da ba su da alaƙa sosai da juna.

Na farko shi ne ƙarfin da injiniya ya tsara da gangan. Ana auna shi da ma'aunin G. Mutumin da ke zaune a kujerar gidansa yana kan G ɗaya, wato nauyinsa na yau da kullum. A gindin gangara, inda jirgi ke juyowa sama da gudu, nauyin kan kai G uku ko huɗu, mutum ya ji an danne shi cikin kujera. A saman tudu kuwa akasin haka ne: nauyin kan sauka zuwa sifili ko ƙasa da haka, jiki ya rabu da kujera. Wannan tashin shi ne abin da ma'abota harkar suka fi ƙauna, suna ma raba shi gida biyu: akwai na shawagi, wanda mutum ke jin kamar yana yawo a iska, akwai kuma na wurgi, wanda sandar cinya ce kawai ke hana mutum fita. Sai ƙarfi na gefe, wanda ke tura fasinja jikin abokin zamansa a kwana.

Na biyu shi ne jijjiga, wato ƙananan kaɗawa da karkarwa da ke fitowa daga haɗuwar ƙafafun jirgi da layi. Babu wanda ya zana ta a takarda.

Na uku shi ne fizga, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. Masana kimiyyar motsi suna bambanta yawan ƙarfi da saurin canjinsa. Direban da ya taka birki a hankali yana ƙara matsawa zai iya tsayar da mota da ƙarfi sosai ba tare da kan kowa ya bugu ba. Wanda ya daki birkin farat ɗaya kuwa, ko da gudun bai kai haka ba, sai kowa ya kifa. Jiki yana iya jure G huɗu idan ta zo masa sannu-sannu, amma G biyu da ta faɗo masa ba zato sai ta zame masa duka.

Yawancin ce-ce-ku-cen yana tasowa ne domin wani yana yabon na farko, wani yana kukan na biyu ko na uku, kowa kuma yana amfani da kalma ɗaya.

## Inda jijjigar katako take fitowa

Layin jirgin katako na gargajiya ba gungume ɗaya ba ne. Alluna ne ake jerawa bisa juna hawa-hawa, sau da yawa bakwai ko takwas, kafintoci suna lanƙwasa su suna buga ƙusa a nan wurin da ake ginin. A saman su ake shimfiɗa siririn ƙarfe, ƙafafun jirgin ma na ƙarfe ne. Ƙarfe a kan ƙarfe ke nan, babu roba a tsakani da za ta sha bugu.

Ƙafafun iri uku ne. Akwai na sama masu ɗaukar nauyi, akwai na gefe masu hana jirgi kauce wa layi, akwai na ƙasa masu riƙe shi kada ya tashi. Na ukun nan John Miller ne ya yi musu rajistar mallaka a 1919, kuma su suka buɗe ƙofar gangara mai tsananin tsaye. A jiragen katako na gargajiya ana barin 'yar rata tsakanin layi da ƙafafun gefe da na ƙasa. Saboda wannan rata jirgin yake ɗan yawo a cikin layinsa, yana dukan dama yana dukan hagu, yana ɗagawa yana dawowa. Wannan sako-sako da ke sa mutum jin kamar abin zai ƙwace, ba lalacewa ba ce. Haka aka yi shi.

Lalacewa daban take. Katako yana shan ruwa ya kumbura, rana ta busar da shi ya tsuke, ƙusoshi su saki. Inda nauyi ya fi sauka, wato gindin gangara da tsakiyar kwana, allunan suna lotsawa har a sami rami. Jirgi ya faɗa ramin da gudu, ya ƙara zurfafa shi, na bayansa ya zo ya tarar da wanda ya fi muni. Shi ya sa dandalin da ke da jirgin katako yake buƙatar kafintoci da ke taka layin a ƙafa kafin a buɗe ƙofa, da kuma sauya sassan layi a lokacin hunturu. Jirgi ɗaya zai iya zama abin yabo a bana, bayan shekara uku ya zama abin gudu, ba tare da an canza komai a zanensa ba. Bambancin yana cikin kasafin gyara.

GhostRider da ke Knott's Berry Farm a Kalifoniya misali ne mai kyau. An buɗe shi a 1998 ana ta yabo, ya lalace har mutane suka riƙa ƙaurace masa, sannan kamfanin Great Coasters International ya sake masa layi ya sa sababbin taragu, aka buɗe shi a 2016 ya dawo cikin fitattu.

## Ƙarfe ma yana duka

Akwai zaton cewa katako ne mai gargada, ƙarfe kuwa sumul. Tarihi bai goyi bayan wannan ba. Jirgi na farko da ya yi amfani da layin bututun ƙarfe shi ne Matterhorn Bobsleds na Disneyland, wanda kamfanin Arrow ya ƙera a 1959, kuma har yau ana lissafa shi cikin masu kaɗa ƙashi.

Matsalar tsofaffin jiragen ƙarfe ta fizga ce. Kafin kwamfuta ta kankama, ana haɗa layi ne daga sassa masu sauƙin lissafi: miƙaƙƙe, sai lanƙwasa mai faɗi ɗaya, sai wani miƙaƙƙen. A mahaɗar kowane biyu ƙarfin yana canzawa farat ɗaya. Idan aka haɗa wannan da maƙalar kafaɗa mai tauri, wadda ke saukowa ta gefen kunnuwa biyu, sai kan fasinja ya riƙa bugawa dama da hagu. Drachen Fire da Arrow ya gina wa Busch Gardens Williamsburg a 1992 bai wuce 1998 yana aiki ba. An cire masa juyi ɗaya don a rage dukan, duk da haka jama'a ba su dawo ba. Jiragen kamfanin Vekoma na Holan masu rataye fasinja a ƙarƙashin layi, waɗanda aka fara da El Condor a 1994 aka kuma sayar da irinsu da yawa a ƙasashe daban-daban, sun gaji wannan baƙin jini.

Maganin ya fito ne daga lissafi. Injiniyan Jamus Werner Stengel, tare da maƙeri Anton Schwarzkopf, sun daina yin zoben juyi mai cikakkiyar da'ira, irin wanda ya riƙa ji wa mutane ciwo a wuya a Flip Flap Railway na Coney Island tun 1895. Suka koma ga zobe mai siffar ɗigon ruwa, wanda lanƙwasarsa ke ƙaruwa a hankali, kamar yadda aka gani a Revolution na Magic Mountain a 1976. Stengel ne kuma ya yaɗa dabarar karkata layi ta yadda juyin zai kewaya daidai ƙirjin fasinja, maimakon ya kewaya layin da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Idan ƙirji ne tsakiyar juyi, kai ba ya yin nisan tafiya, don haka ba ya wurguwa.

Kamfanin da ya mayar da sumul tambarinsa shi ne Bolliger & Mabillard na Switzalan, wanda aka kafa a 1988. Ƙafafun jiragensa suna manne da layi ta kowane ɓangare, an lulluɓe su da roba mai tauri, layin kuma an lanƙwasa shi da ƙididdiga mai tsanani. Batman: The Ride na 1992 da Kumba na 1993 sun nuna cewa ana iya danne mutum da ƙarfi, a juya shi ƙasa-sama sau biyar ko bakwai, ba tare da an buga masa kai ba. Daga nan ma'aunin jama'a ya canza. Abin da ake ɗauka a da a matsayin halin rola kosta sai ya koma aibi.

## Lokacin da aka ɗora wa katako abin da ya fi ƙarfinsa

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2000 dandaloli sun shiga tseren tsayi da gudu, aka ja katako cikin tseren. Texas Giant na 1990 da Mean Streak na 1991 'ya'yan wannan zamani ne. Ƙarshen abin shi ne Son of Beast na dandalin Kings Island a Ohio, wanda aka buɗe a 2000 da tsayin mita 66 da gudun kusan kilomita 126 a awa, har da zoben juyi. A watan Yulin 2006 wani katako ya tsage a jikin ginin, layi ya lotsa, jirgi ya bi ta kai, mutum 27 suka ji rauni. Aka cire zoben, aka sa taragu marasa nauyi, amma ƙorafi bai tsaya ba. An rufe shi a 2009, aka rushe shi a 2012.

Dalilin a fili yake: ƙarfin motsi yana ƙaruwa ne ninki huɗu idan gudu ya ninka sau biyu. Allunan da ke iya jure jirgi mai gudun kilomita 70 shekara da shekaru sai su ragargaje cikin ɗan lokaci a ƙarƙashin mai gudun 120. Yana da wuya a sami ko da ɗan gani-kashe-nin katako da zai kare waɗannan ƙattai. A kan wannan gaɓa, ɓangarorin biyu bakinsu ɗaya.

Kamfanin Intamin ya gwada wata hanya: a yanka layin katako a masana'anta da inji, a manne shi da gam, a kawo shi a haɗa kamar na ƙarfe, a kuma sa ƙafafu masu roba. Huɗu aka gina: Colossos a Jamus a 2001, Balder a Suwidin a 2003, El Toro a Amurka a 2006, da T Express a Koriya ta Kudu a 2008. Sun fito sumul ƙwarai, har masu ra'ayin riƙau suka ce ba katako ba ne na gaskiya. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, don su ma sun tsufa. An rufe Colossos a 2016, bai sake buɗewa ba sai 2019 bayan an sauya masa layi gaba ɗaya, El Toro kuma ya sami matsalar layi a 2021 da 2022, ta biyun har da raunuka.

## Hujjar masu son gargada

Ba su cewa ciwo abu ne mai kyau. Abin da suke karewa shi ne jin cewa jirgin yana da rai. A wurinsu daɗin rola kosta ya dogara ne a kan ruɗin cewa abin ya fi ƙarfin mai shi, cewa saura ƙiris ya ƙwace. Rurin ƙarfe a kan katako, rangajin ginshiƙai idan jirgi ya wuce, da wurgin da ba ka san daga ina zai zo ba, su ne ke gina wannan ruɗi. Jirgin da aka goge har babu abin mamaki a cikinsa, in ji su, zai iya kai mita 90 amma mutum ya sauko bai ji komai ba. Wannan zargi sukan ɗora shi a kan wasu daga cikin jiragen Bolliger & Mabillard na baya-bayan nan, waɗanda suke kira marasa ƙarfi.

Suna kuma cewa jirgin katako ba ya maimaita kansa. Da safe man ƙafafu bai yi ɗumi ba, yana tafiya a hankali. Da dare bayan ya wuni yana aiki, ko bayan yayyafi, sai ya zama wani abu daban. Masu zuwa The Beast na Kings Island, wanda tun 1979 yake riƙe da kambun jirgin katako mafi tsawon layi a duniya, layin da ya haura kilomita biyu, sukan jira duhu don su bi ta cikin dajinsa. The Voyage na Holiday World a jihar Indiana, wanda ba ya sassautawa daga farko har ƙarshe, ya lashe kyautar Golden Ticket, wadda ake bayarwa duk shekara a harkar dandalolin wasanni, ta jirgin katako mafi kyau shekara biyar a jere daga 2007 zuwa 2011.

Sai hujjar tarihi. Cyclone na Coney Island a New York yana aiki tun 1927, kuma birnin ya ayyana shi abin tarihi a 1988. Ƙungiyar American Coaster Enthusiasts, wadda aka kafa a 1978, tana da lambar girmamawa ta musamman ga jiragen katakon da suka riƙe tsarin da: sandar cinya guda ga mutum biyu wadda ba ta matsewa, babu shinge a tsakiyar kujera, babu matashin kai, kuma fasinja ya zaɓi inda zai zauna. Duk waɗannan sharuɗɗa a kan abu ɗaya suke, wato a bar jiki ya motsa. Har a jiragen ƙarfe akwai irin wannan ƙauna: Magnum XL-200 na 1989, wanda shi ne na farko mai cikakken zagaye da tsayinsa ya haura ƙafa 200, yana da tuddai masu kaifi da ke buga cinya a jikin sanda, kuma saboda dukan ne masoyansa ke sonsa.

Raunin wannan ra'ayi shi ne ba shi da iyaka bayyananniya. Abin da wani ya kira hali, wani rashin gyara zai kira shi, kuma dandalin da ke son tsimin kuɗi zai iya fakewa da kalmar gargajiya. Akwai kuma ɗan alfahari a ciki, irin na wanda ke ganin jure wahala alama ce ta ƙwarewa.

## Hujjar masu son sumul

Ma'auninsu mai sauƙi ne: za ka iya sake hawa yanzu-yanzu? Jirgin da mutum zai hau sau ɗaya ya je ya nemi wurin zama yana riƙe da kai, a ganinsu ya gaza ko da zanensa ya yi kyau. Suna cewa jijjiga tana rufe abin da injiniya ya tsara. Wanda ke fama da kare wuyansa ba ya lura da shawagin da aka shirya masa a saman tudu.

Suna kuma musanta cewa sumul yana nufin sanyi. Misalinsu jirgin da dandalin Kings Dominion ya buɗe a 2010 da sunan Intimidator 305. Layinsa ba shi da gargada, amma kwanarsa ta farko tana danne mutum da ƙarfi na tsawon lokaci har jini ya ragu a kai, ganin mutane da yawa ya dushe. Sai da aka sake gina kwanar aka faɗaɗa ta kafin kakar 2011. Fury 325 na Carowinds, mai tsayin mita 99 da gudun kusan kilomita 153 a awa, ya riƙe kyautar Golden Ticket ta jirgin ƙarfe mafi kyau shekaru da dama a jere daga 2016, kuma sumul ɗinsa na cikin abin da ake yaba masa.

Wani abin lura shi ne wanda ya mamaye ɓangaren katako na wannan kyauta daga 2018: Phoenix na Knoebels a jihar Pennsylvania. An gina shi a 1947 a Teksas, aka kwaso shi aka sake kafawa a 1985. Tsayinsa bai wuce mita 24 ba. Kowane ɓangare na iƙirarin nasa ne. Masu son gargada suna nuna sandarsa da ba ta matsewa da yadda yake ɗaga mutum tsaye. Masu son sumul suna nuna cewa kulawar da ake ba layinsa ta sa ba ya ciwo ko kaɗan. Dukkansu gaskiya suka faɗa.

Raunin wannan ɓangare shi ne idan aka bi ra'ayinsa har ƙarshe, jirage za su yi kama da juna. Manhajar kwamfuta iri ɗaya, iyakar ƙarfi iri ɗaya, sakamako iri ɗaya. Kuma neman sumul ya sha haifar da abin da kowa ke ƙi, wato ƙananan birkunan da ake dasawa a tsakiyar hanya don rage gudu da lalacewar layi. An yi wa Mean Streak haka a gangararsa ta farko, bai daina jijjiga ba, ya kuma rasa kuzarinsa.

## Kamfanin da ya sauya salon rigimar

Rocky Mountain Construction, wanda Fred Grubb ya kafa a jihar Idaho a 2001, ya fara ne da gyaran layukan katako. Tare da injiniya Alan Schilke suka ƙirƙiro layin ƙarfe da ake yankawa daga faranti a walda, wanda za a iya ɗora shi a kan tsohon ginin katako. Gwajin farko shi ne Texas Giant, wanda aka sake buɗewa a 2011 bayan an kashe kusan dala miliyan 10. Daga nan aka bi: Twisted Colossus a 2015, Steel Vengeance a 2018, Untamed a Holan da Hakugei a Japan a 2019, Iron Gwazi a Folorida a 2022.

Waɗannan jirage sun raba abin da a da ake zaton ba ya rabuwa. Babu jijjiga a layinsu, amma suna wurgi da mutum sama da gefe fiye da yawancin jiragen katako. Ga masu son sumul, hujja ce cewa ana iya samun hauka ba tare da ciwon baya ba. Amma sai ga sabon ƙorafi: wurgin yana da ƙarfin da sandar cinya da makarin ƙwauri ke barin tabo, har wasu na cewa an gudu daga ciwon baya an faɗa ciwon cinya. Skyrush na Hersheypark, wanda Intamin ya gina a 2012, ya sha irin wannan suka har aka sauya masa kujeru da sanduna a 2024.

Masu kare katako kuma suna da wata damuwa: duk jirgin da aka mayar ƙarfe, an rasa jirgin katako ɗaya har abada, kuma dandali zai iya barin jirgi ya lalace da sanin cewa akwai wannan mafita. Kamfanonin katako sun mayar da martani da nasu dabarun. Gravity Group yana yanka allunan layi da inji don su yi daidai, shi ne ma ya gyara sassan The Beast kafin kakar 2022. Great Coasters International kuma yana da layin ƙarfe da ake sawa a wuraren da suka fi lalacewa kawai, a bar sauran katako. Wannan ya haifar da wata muhawarar, kan yawan ƙarfen da jirgi zai ɗauka kafin a daina kiransa na katako.

## Jirgi ɗaya, labari biyu

Mutum biyu za su iya sauka daga jirgi ɗaya a lokaci ɗaya, ɗaya yana dariya ɗaya yana rantsuwar ba zai ƙara ba, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Kujerar da ke daidai saman ƙafafun tarago tana karɓar bugu kai tsaye, ta tsakiya kuwa da sauƙi. Taragon baya ana fizgo shi ne ta saman tudu, don haka ya fi wurgi. Tsayin mutum yana tantance ko kunnensa ne zai haɗu da maƙalar kafaɗa ko kansa ya wuce ta. Siririn mutum yana yawo a kujera, mai jiki kuma sanda tana matse shi. Shekaru ma suna da tasiri, don wuyan ɗan shekara 50 ba na ɗan 18 ba ne.

Sai sabo. Wanda ya hau jirgi sau da yawa ya san inda zai karkata, inda zai ɗaga bayansa daga kujera, inda zai miƙa kai gaba. Idan ya rubuta cewa jirgin ba shi da matsala, yana bayar da labarin hawan da baƙo ba zai samu ba a karon farko.

Wani bincike mai ban dariya ya nuna yadda bambancin kujera yake da girma. A 2016 likitan mafitsara David Wartinger na Jami'ar Jihar Michigan da abokin aikinsa suka wallafa sakamakon hawa Big Thunder Mountain na Disney World ɗauke da ƙodar roba mai ƙananan duwatsun ƙoda a ciki. A kujerun baya duwatsun sun fita kusan kashi 64 cikin ɗari na gwaje-gwajen, a na gaba kuwa kusan kashi 17. Aikin ya samu kyautar Ig Nobel, wadda ake bai wa bincike mai ban dariya, a 2018.

## Abin da ya shafi mai sayen tikiti

Gargada da haɗari ba abu ɗaya ba ne, ko da yake suna iya haɗuwa. Ƙa'idojin da masana'antar ke bi, ASTM F2291 a Amurka da EN 13814 a Turai, sun kafa iyaka ga ƙarfin G a kowace fuska da tsawon lokacin da za a ɗora shi a kan jiki. Ƙungiyar masu dandaloli ta IAAPA tana ƙiyasta mummunan rauni a kusan ɗaya cikin hawa miliyan 15 da rabi a dandalolin dindindin na Amurka, adadin da ya fito daga rahoton da dandalolin suke bayarwa da kansu. Wani nazari na Jami'ar Pennsylvania a 2002 ya gano cewa juyawar kai a jiragen da aka auna tana ƙasa sosai da matakin da ke ji wa ƙwaƙwalwa rauni. Amma waɗannan ba sa ƙirga ciwon wuya da ciwon kan da mutum zai tafi da su gida bai gaya wa kowa ba, wanda shi ne ainihin abin da ake jayayya a kai. A Amurka ma sa ido ya bambanta daga jiha zuwa jiha, domin tun 1981 hukumar tarayya mai kula da lafiyar kayan masarufi ba ta da iko a kan jiragen dandalolin dindindin.

Zama na ƙarfe da na zamani ba garanti ba ne. Do-Dodonpa na Fuji-Q Highland a Japan, mai kai kilomita 180 a awa cikin daƙiƙa 1.56, an dakatar da shi a Agustan 2021 bayan rahotannin karayar ƙashi a wuya da baya, aka kuma sanar da rufe shi dindindin a 2024. Allunan gargaɗin da ke bakin layi, masu hana mai ciki da mai ciwon baya ko wuya ko zuciya ko hawan jini, sun shafi jirgi mai sumul kamar yadda suka shafi mai gargada, don G huɗu G huɗu ce ko ta zo da jijjiga ko babu.

Ga wanda ke karanta ra'ayoyin ma'abota kafin ya hau, tambayoyi uku suna da amfani: wace shekara aka rubuta, a wace kujera aka zauna, kuma me ake nufi da gargada, ƙarfi ne ko jijjiga ko bugun kai. Yabon da aka yi wa jirgin katako shekara biyar da suka wuce ba lallai ya yi aiki a yau ba, haka ma sukan.

Su kuwa masu dandali, ba muhawarar ma'abota suke bi ba. 'Yan gani-kashe-ni ƙaramin kaso ne na masu shigowa. Abin da ake dubawa shi ne tsawon layin masu jira, yawan ƙorafi a ofishin baƙi, kuɗin inshora da albashin kafintoci. Wannan lissafi ne ya sa sababbin manyan jirage galibinsu na ƙarfe ne, na katakon da ake ginawa kuma matsakaita ne da iyali za su iya hawa tare. Shi ne kuma ya sa Vekoma, wanda a shekarun 1990 sunansa ya zama abin zolaya, ya sake fasalin layinsa da taragunsa, har Lech Coaster da ya gina a Polan a 2017 ya shiga jerin waɗanda ma'abota ke tsallaka ƙasashe don su hau.